Ranar da Jere Ya Yi Ƙara

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, in na gama in mayar muku da abinku. Ga ta nan tafe gare ku, kuma da rana tsaka ta faru, idona biyu. Ke mai biro, rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini baki. Kai kuma Nura, ajiye wayar nan, don saboda kai na tara ku. An ce mini ka je ka ga shago a sabon benen da ake ginawa a tsohuwar unguwarmu, har ka auna faɗin ƙofar da hannu. Tun da na ji, zama ya ƙi ni. In na zauna a tabarma sai in miƙe, in na miƙe sai in rasa abin da na tashi yi.

Jos ɗin da na buɗe ido a cikinta ba ta san kukan babura ba. Jiniyar kamfanin kuza ce ke tashinmu, tun zakara bai gama shawara ba. Daga nan sai ƙarar diga a kan tsakuwa, sai gudun ruwa a kwatamin da ake wanke kuza, sai can da hantsi a busa usur, kowa ya tsuguna ya toshe kunne, nakiya ta tashi, ƙasa ta ɗan motsa a ƙarƙashin ƙafa kamar fatar saniya in ƙuda ya sauka a kai. Mun saba, ko ɗaga kai ba ma yi. Ubana lebura ne, neman kuza ya kawo shi tudun nan. Uwata ta rasu ban yi wayo ba, ko kamanninta ban riƙe ba. Ina tasowa aka naɗa mini gammo, aka ɗora mini kwanon sarki. Mu ɗebo ƙasa daga bakin rami mu kai wurin wanki, layi guda kamar tururuwa, sanyi na cizon yatsu, jar laka har gwiwa. Wadda ke gabana a layi kullum ita ce Kangyang, 'yar Birom, wadda shingen ƙerana ne kawai ya raba gidansu da namu. Ita ta zo da gwaten acca, ni in zo da ɗumamen tuwo, mu ci a kwano ɗaya a bayan tulin ƙasa. Ran Lahadi in riƙe mata wurinta ta je coci. Da azumi ita ke rage mini kaya a kai, tana yi mini tsiya wai na zama kamar tsinken tsire. Yanzu ina jin ku kuna cewa wannan unguwa ta su wane ce, waccan ta su wane. Mu a lokacin laka ɗaya ce a ƙafar kowa.

Da kamfani ya naɗe kayansa ya tafi, yunwa ba ta tafi tare da shi ba. Sai maza suka koma haƙar loto. Rami ne siriri kamar rijiya, a sauka da igiya, in an tarar da jijiyar kuza sai a karya a bi ta a kwance, a yi ta tafiya a cikin duhu da fitilar aci-bal-bal. Ba wanda ya san inda ramin wani ya nufa. Tsofaffi na cewa in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Namu ramukan na neman tuwo ne, shi ya sa ba wanda ya yi tunanin gajarta su. Da kuzar ta ƙare aka cika bakinsu da shara, ciyawa ta rufe, aka manta. Gari ya yi ta matsowa, mutane suka yi gini a kai, suka haifi 'ya'ya.

Kakanku, ba zan faɗi sunansa ba. Ban faɗa yana raye ba, balle yanzu. Unguwa na ce masa Mai Duwatsu. Ɗan Iya ne, mai waina a bakin hanya, wadda mijinta ya gina mata gida da gumin kuza ya rasu ya bar ta da yara. Shi ne ya yi nisa a boko, har gwamnati ta ɗauke shi aiki a ofishin da ke binciken duwatsu da abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Kayan aikinsa guduma mai baki biyu, da ɗan madubi a rataye a wuya, da jakar buhu, da takalman da ba sa bushewa. Ya tafi rangadi ya daɗe, ya dawo ya rame, jaka cike da tsakuwa. Da farkon aurenmu nakan buɗe jakar da murna ina zaton tsaraba ce. In ya tsinci dutse a hanya sai ya fasa, ya lasa, wai don launinsa ya fito, sannan ya kai madubi. Yara na bin sa a baya suna cewa ga mai cin dutse.

Iya kan dube shi ta girgiza kai. "Na ƙone yatsuna a tanda na kai ka boko, ka dawo kana lasar dutse kamar akuya ta ga kanwa."

Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce, "Iya, ai wannan ya fi wainar jiya laushi."

"Ka ji ɗan banza. Gobe ka ci shi da miya."

A gidan Iya muka zauna, ɗakinmu na kallon nata. Ku da kuka tashi da kabad mai gilashi ba ku san jere ba. A da, darajar ɗakin mace jerenta ne. Kwalla a ƙasa, fanteka a kanta, langa a kan fanteka, ƙanana a kan manya, har su kusa taɓa rufi, kowanne da furensa a waje, an goge su suna ɗaukar ido. Na Iya ya fi na kowa a layinmu, don har da na uwarta a ciki. Ba a cin abinci a cikinsu. Suna nan ne don in baƙuwa ta shigo ta san gidan mutane ta zo.

Ranar da abin ya faru ina da cikin fari, ya fara nauyi. Hantsi ne, an yi ruwa an ɗauke, ina tankaɗe a tsakar gida. Sai na ji wani gurnani kamar babbar mota na wucewa, amma ta ƙarƙashina. Turmi ya motsa. Ruwan randa ya yi rawa shi kaɗai. Kaji suka watse. Sannan jeren Iya ya ɗauki ƙara, dukansa lokaci guda, kamar haƙoran mai jin sanyi, langa ɗaya ta faɗo ta gangara har bakin ƙofa tana juyi. Kafin in ce innalillahi an gama. Shekara da shekaru ba a fasa nakiya ba a wajen. Iya ta fito da tasbaha a hannu, ta ɗauki langar ta duba inda fenti ya ɓantare, ta ce, "Bijimin san da ke ɗauke da duniya ne ya gaji, ya sauya ƙaho. Ci gaba da tankaɗenki."

Ofis suka turo kakanku ya gano abin da ya faru, tunda unguwarsu ce. A lokacin babu na'urar sauraron ƙasa a kusa. Hanyar aikin ita ce a bi gida gida a tambaya: me kuka ji, me ya faɗi, ina ya tsage. Ya yi wuni yana sallama a zaure. Maza su fito, a gaisa, ya tambaya, su ce lafiya lau, ba su ga komai ba. Wasu ba sa gida lokacin da aka yi. Wasu kuwa sun ga takarda a hannun ma'aikacin gwamnati, ko da ɗan unguwa ne, sai suka ja bakinsu. Shi kuma ba shi da ikon wuce zaure. Ya dawo da la'asar ya zauna a kan turmi, bai cire takalmi ba.

Ya ce, "Abin da nake nema yana ɗakin mata. Za ki shiga mini?"

Na ce, "In ce na zo yin me?"

"Ki ce kin zo jaje. Ai jajen ne."

Washegari na yafa mayafi, na biya wa Kangyang, muka shiga gidaje. Sai muka tarar da abin da shi bai yi tsammani ba. Ko'ina tsaf. Mace ba ta yarda baƙuwa ta ga jerenta a watse, kamar yadda ba ta fita ba ɗankwali. Tun ranar duk an sake jerawa, an kwaɓa laka an shafe tsaga, an share daɓe. Ka tambaya a ce, "Mu dai Allah ya tsare, ko cokali bai motsa ba." Kangyang ce ta fara lura. Ta ce a ba ta ruwa, matar gida ta fita, sai ta juya wata fanteka, ga sabon tabo baƙi an mayar da shi wajen bango. Ta dafa bango, ta nuna mini tafin hannunta da danshi. Daga nan muka gane yadda za mu yi. Ni in ja hira, ana maganar ciki da kwaɗayin tsami, ita tana yaba kwanuka tana jujjuya su, tana shinshinar ɗanyen yaɓe. Wata tsohuwa ta kama ta, ta ce, "Ke 'yar nan, sayen kwano kika zo ko gaisuwa?" Kangyang ta ce, "Mama, ni ko ɗaya ba ni da shi, bari in more ido."

Da muka dawo ya share tsakar gida, ya juye jakarsa. Kowane gida ya ajiye masa dutse a inda yake a unguwa. Inda muka ce ba abin da ya faɗi, fari. Inda aka yi tabo ko sabon yaɓe, ja. Muna faɗa yana ajiyewa. Da muka gama sai ya tashi tsaye ya ja da baya. Jajayen ba su watsu ba. Sun yi layi, sun lanƙwasa kamar maciji, daga wani tsohon kududdufi suka ratsa gidan su Kangyang, suka zo suka tsaya a kan ɗakin Iya.

Sannan ya yi mana bayani a hankali, yadda yake yi in abu ya dame shi. Ya ce girgiza iri biyu ce. Akwai wadda ke tasowa daga can ƙasa mai nisa, inda manyan duwatsu ke gogar juna, ita kuwa in ta zo gari duka ke ji. Ya je har kasuwar Taminus ya tambayi masu tumatir da direbobi, ba wanda ya ji komai. Wannan tamu ce, mu muka haƙa ta. Rufin wani tsohon loto ne ya rufta a ƙarƙashinmu, kuma in ɗaya ya faɗi, na kusa da shi ke ɗaukar nauyin. Damina na ƙara masa ruwa. Ya ce bai san rana ba, ba kuma wanda zai sani, amma ba zai kwantar da mai ciki a kan wannan layi ba.

Ya kai magana ofis, ya kai wa mai unguwa. Abin da ya biyo baya har yau yana yi mini ɗaci. Aka ce gwamnati ta gano sauran kuza a ƙarƙashin gidajen, shi ya sa ta turo ɗan gida ya tsorata mutane. Aka ce oga ya yi masa alkawarin ƙarin girma. Mutanen da suka sha kunun sunansa suka daina amsa masa sallama. A masallaci sai ya ga sahu ya ɗan buɗe a gefensa. Mijin Kangyang dai bai yi gardama ba, don shi da kansa ya taɓa shiga loto. Ya kwashe iyalinsa suka koma wurin danginsu. Wasu gidajen ma suka bi a hankali, kowa na cewa wani dalili ne daban ya tashe shi. Saura Iya.

Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya faɗa mata duka. Tana jin sa tana tsince shinkafa.

Ta ce, "Ka gama?"

"Na gama, Iya."

"Ka ga bayan ɗakin nan, gindin mangwaro? Cibiyarka na nan. Ta yayarka na nan, ta ƙannenka na nan, har da biyun da ba su zauna ba. Ni na nuna wurin, a gabana aka binne. Ubanka ya kwaɓa ƙasar ɗakin nan da ƙafarsa. Yanzu don ka jera tsakuwa a tsakar gida sai in tashi in bar su?"

"Iya, ƙasa ce ba ta da ƙarfi."

"Ta ɗauke ka kana tsumma, ta ɗauke ka da gemu. Kai dai ɗauki matarka ku tafi. Ban hana ka ba, ban kuma yi fushi ba."

Ya kama mana ɗaki a unguwar Kwararafa, a kan dutse, don sai da ya zagaya gidan da gudumarsa kafin ya yarda. Ranar da muka kwashe kaya mata na leƙe ta katanga. Na ji wata na cewa boko ke nan, ya ceci matarsa ya bar uwarsa. Shi ma ya ji. Bai waiwaya ba, amma kunnuwansa sun yi kamar an zuba musu garwashi. Tun daga ranar abinci ya daina shigarsa. Kullum da safe kafin ofis sai ya biya gidan Iya. A bangon ɗakinta akwai tsaga, siririya kamar zare. Ya samo ɓallin gilashi mai tsawon yatsa, ya ɗora shi a kan tsagar a gicciye, ya manne bakinsa biyu da siminti. Ya ce in bango na buɗewa, ko da ido bai gani ba, gilashin zai karye. Iya ta ce to, ya yi wa ɗakin kwalliya. Kullum ya gaishe ta, ya duba gilashi, ya tafi. Ni kuma ina gida ina kai da kawo, duk motar da ta wuce sai in tsaya in kasa kunne.

Sai Salla ta matso. A al'adarmu ba a shiga Salla da bango a tsage. Iya ta kwaɓa laka ta yaɓe ɗakinta ciki da waje, ta shafa farar ƙasa, ta bi ta kan gilashin ta shafe shi kamar ba a taɓa sa shi ba. Ba don ta ɓata masa aiki ta yi ba, ita dai abin da take yi kowace shekara ta yi. Da ya zo ya ga bango fari fat, sai ya ciro wuƙar aljihu ya yi ta kankara a hankali, tana tsaye tana faɗa wai ya lalata mata Salla. Da ya kai ga gilashin, ya rabu biyu, har ana iya zura tsinke a tsakani.

Ya ce, "Iya, dubi."

Ta sunkuya ta duba. Ta ce, "Gilashi ne. Dama fashewa yake yi."

Ya dawo gida ya faɗa mini. Ya ce ya san duwatsun tudun nan kamar tafin hannunsa, amma ya rasa kalma ɗaya da za ta ɗaga uwarsa daga tabarma. Ya yi tunanin ya kawo motar ofis a ɗauke ta da ƙarfi. Na ce in ka yi haka, a ƙafa za ta koma, kuma ba za ta sake kallonka ba.

Ana cikin marka na haihu, mace, uwar wannan mai rubutun. Ku kun san asibiti da ruwan famfo mai zafi. Mu a lokacin mai jego sai an yi mata wanka safe da yamma har ta yi arba'in, da tafasasshen ruwa da ganye, kuma babbar mace ce ke yi, uwa ko wadda ta tsaya a matsayinta. Haihuwar fari a gidan iyaye ake yi. Ni ba ni da uwa, ubana ma ya riga ya bi ta. Kangyang ta zo tun ina naƙuda, ita ta riƙe ni. Da aka yanke cibiya ta wanke hannu, ta ɗaura zane, ta ce mini, "Kwanta. Zan je in yi wa Iya albishir." Na ga wani abu a idonta irin na ranar da take jujjuya kwanukan mutane.

Ita ta ba ni labarin yadda suka yi. Ta shiga ta ce, "Mama, albishirinki. An samu mace, mai kama da ke, har da taurin kai."

Iya ta yi hamdala, ta ba ta goro. Ta ce, "Wa ke wurinta?"

"Ni. Kada ki damu, Mama, ki zauna ki tsare gidanki. Ni zan yi mata wankan. Na taɓa gani ana yi. Ruwa mai ɗumi-ɗumi ne ko? Kamar na wanke kwano?"

Iya ta ajiye abin da ke hannunta. "Mai ɗumi-ɗumi?"

"To ko mai sanyi? Kunun kuma sukari zan sa, kanwa ba daɗi."

"Ina raye, ina numfashi, a ce jikata ta fari an yi jegonta da ruwan wanke kwano? Miƙo mini mayafina."

Haka ta zo, da ƙullin kaya ɗaya a ka da damin ganyen runhu, Kangyang na biye da ita tana ƙunshe dariya. Abin da ɗanta bai iya ba, da ofis, da mai unguwa. Tana shigowa ta tambayi inda aka ajiye mabiyiya. Ta so a kai gindin mangwaro, amma ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, kuma ba abin da ake ratsa gari da shi ba ne. Ta sa aka haƙa a bayan ɗakinmu na haya, inda ƙasa ta ɗan taru a tsakanin duwatsu, ta tsaya a kai aka rufe, tana gunaguni wai jikarta ta fara duniya a gidan aro.

Amma hankalinmu bai kwanta ba. Ta ce ita jego ta zo, ba ƙaura ba. Kullum in ta gama wankan safe, ta dama mini kunun kanwa, sai ta yafa mayafi ta koma gida, ta share, ta ba kaji tsaba, ta goge jerenta, ta ɗan kishingiɗa a ɗakinta, sai la'asar ta dawo. Duk tsawon wannan lokaci ina kwance da jaririya a ƙirji ina sauraron hanya. Shi kuma yana ofis, ya ce ko alƙalami ba ya iya riƙewa.

Rannan aka wayi gari itace duk ya jiƙe. Iya ta hura, ta hura, hayaƙi kawai. Ta zagi mai itacen, ta zagi marka, ta zagi murhun gidan haya. Na ce ta bari a yi da ruwan da ya ɗan yi zafi. Ta harare ni ta ce ita ba Kangyang ba ce. Rana ta ɗaga sosai, lokacin da ta saba kasancewa a ɗakinta, ita kuwa tana durƙushe tana fifita wuta da faifai, idanunta na hawaye. Ruwa ya fara tafasa ke nan sai ga kakanku ya shigo, ba sallama, wandonsa jar laka har cinya. Ya tsaya yana kallonta. Sai ya zauna a ƙasa cikin ruwa. Labari ya same shi a ofis cewa ɗakin Iya ya rufta, ya ruga can, ya yi ta kiran sunanta a bakin rami, don a zatonsa tana ciki.

Ta ce sai ta gani da idonta. Ya kai ta, Kangyang ta bi su, ita ta faɗa mini. Inda ɗakin yake an sami rami mai faɗi, jan ruwa na tasowa a ciki. Rabin tsakar gida ya tafi. Mangwaro ya kwanta, saiwoyinsa a sama. Kwanuka na yawo a kan ruwa, furanninsu na juyawa. Mutanen da suka daina amsa masa sallama na tsaye a gefe, ba mai iya haɗa ido da shi, shi ma bai nemi idon kowa ba. Iya ta daɗe tana kallon wurin da gindin mangwaro yake a da. Leɓunanta na motsi, Kangyang ta ce tana jin kamar sunaye take kira, har da na biyun da ba su zauna ba. Wani ya miƙa gora ya jawo langa ɗaya, mai tabon nan ta ranar farko, ya ba ta. Ta karɓa ta goge da bakin zane. Sannan ta juya ta ce, "Mu koma. Ruwan wanka zai huce."

Ba ta taɓa ce masa ya yi gaskiya ba, shi ma bai taɓa tuna mata ba. Sai dai da aka ba ta ɗaki a gidan, kafin ta shimfiɗa tabarma ta kira shi ta nuna ƙasa da ƙafa ta ce, "Nan fa? Ka lasa?"

To ga yadda kowa ya ƙare. Iya ta zauna da mu har ta yi wa 'ya'yana duka wanka, ta rasu a Kwararafa a kan dutse, ba ta sake yin jere ba. Kangyang ta koma ƙauyensu ta yi noman dankali, ta tsufa, ta makance, amma in na je sai ta shafa fuskata ta ce har yanzu tsinken tsire. Shekarun da gari ya rikice hanya ta yanke tsakaninmu, labarin rasuwarta a bakin wata mai kayan miya na ji. Kakanku ya yi aikinsa har furfura. Daga baya aka kawo na'urar sauraro, aka ajiye ta a wani ɗaki a kan dutse, allura na zane a kan takarda dare da rana. Ya taɓa kai ni na gani, na ce ashe jere ne na Turawa. Duk garin da aka ce ƙasa ta motsa, shi ake turawa, ya tafi da gudumarsa, kuma tun daga wancan lokaci ba ya tafiya sai da ma'aikaciya mace da za ta shiga ɗakuna. In mutane suka ce ai ƙasarmu ba ta girgiza, sai ya ce ba ta saba ba ne kawai. Ya yi ta rubutawa yana kaiwa sama, a nan kada a yi gini, a can a bincika tukuna. Wani a ji, da yawa a ajiye. Ya yi ritaya, ya rasu a nan Nasarawa Gwom, gudumarsa na ƙarƙashin gadona.

Ramin kuwa, ya zama kududdufi, ya zama juji, sai ga shi bara motocin tifa sun yi ta zuba masa ƙasa har ya yi daidai da hanya. Yanzu an ɗora masa bene, an shafa fenti mai kyau. Waɗanda suka san abin da ke wurin duk sun mutu, sai ni. Ban ce zai faɗi ba, Nura. Kakanka ma bai taɓa cewa ya san rana ba. Na ce dai kafin ka sa ƙafa, ka je ofishin da ya yi aiki ka nemo wanda zai duba, in sun yi maka nawa ka koma, ka sake komawa. Kuna yi mini dariya don na ɗora tsohuwar langa mai tabo a bakin kabad, a karkace, ku gyara in mayar. Ku bar ta yadda take. A nan masu tatsuniya ke cewa ƙurunƙus, ni kuwa ba zan ce ba, don tsagar tana nan, an dai yi mata yaɓen Salla ne.